Layin Kawu a Rajistar Sabar

Ƙarfe biyun dare sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da ayyukansu, ta sake faɗuwa, Injiniya kuwa ita kaɗai ce a ofis, daga ita sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Ta buɗe manhajar binciken rajista, inda kwamfutoci ke rubuta duk abin da ya same su, tana laluben inda matsalar ta faro. Ba ta kai ko'ina ba komai ya dawo daidai.

Al'adarsu ce duk wanda ya yi gyara ya bar layi ɗaya da sunansa. Ta duba, sai ga sabon layi: "Na gyara, 'yata." Sunan Kawu ne, dattijon da ya koya mata aikin. Ita da hannunta ta rufe asusunsa na shiga sabar, washegarin rasuwarsa.

"Wa ke min wannan wasan banza?" ta ce.

Sai warin man zafin da Kawu yake shafawa a wuyan hannu ya cika ɗakin. Kujerarsa da ke bayanta ta yi ƙara a hankali, kamar an jingina.

Wani layin ya fito: "Har yanzu ke kaɗai suke bari?"