Ajiyar Da Ba Ta Ɓata

Lakabin ɗinki ta je bugawa, irin ɗan ƙyallen nan da tela ke ɗinkawa a wuyan riga. Shagon ƙarami ne, warin tawada ya cika shi, inji na ta ƙara a lungu. Mai shagon ya ɗago ya ga budurwa da tef ɗin awo a wuya, sai biro ya suɓuce masa.

"Wane suna za a sa?"

"'Yar Goggo. Haka kowa ke kirana."

"Na gaskiyar fa?"

"Lakabi na zo bugawa, malam, ba fasfo ba."

Aikin kwana biyu sai da ya ci mako uku. Yau launi bai fita ba, gobe sai ta zo ta duba da idonta. Ta gane shi sarai, amma ba ta fasa zuwa ba. Daga nan saƙonni suka fara.

"Sarauniyar gardama, an gama aiki, amma mai aikin bai gaji da ganinki ba."

"Mai Tawada, rage zaƙin bakin nan kar ƙuda ya bi ka."

Sai da magana ta yi nisa ta faɗa masa sunanta: Wadi'a. Ba ta son sa ko kaɗan. Tana aji uku wani malami ya ce ma'anarsa ajiya, yara suka mayar da ita 'yar ajiya har ta gama makaranta. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, uban ya bi bayanta da wata biyu, ƙanwarsa Goggo ta raine ta. A ganinta sunan bai yi ƙarya ba, kaya ce aka jibge wa wata aka tafi.

Ummansa kuwa ta riga ta yi masa tanadin 'yar aminiyarta. Da ya kawo zancen auren telar, sai ta tafa hannu.

"Yarinya ba uwa ba uba? In an ɓata wa za mu kai wa ƙara? Har sunanta ma na ji an ce ajiya!"

Wata biyar yana lallashi kafin ta sauko, da sharaɗi: sunan nan ba zai hau katin da za ta raba wa ƙawayenta ba. Shi kuma mutumin da sana'arsa ita ce goge abin da mai kaya bai so ya sake rubutawa, bai ga abin tashin hankali ba. Ya tsara kati da wani suna mai daɗin faɗa, ya tura mata hoton.

"Dubi samfuri, hasken idona. Sharaɗin Umma ne. Suna ne kawai, ai ke ma ba son sa kike yi ba."

Sau uku ta karanta, zuciyarta na tafasa. Gaskiya ne ba ta son sunan, amma ba ta ba kowa izinin ƙi mata shi ba.

"Wadda ke kan katin nan je ka nemo ta ka aura. Ni ban san ta ba."

Ta kashe wayar, ta rufe keken ɗinki, ta nufi gida. Ta tarar da Goggo a tsakar gida tana shanya.

"Goggo, duk sunayen duniya Baba ya rasa wanda zai sa mini sai kaya?"

Goggo ta saki rigar da ke hannunta. "Kaya? Ashe abin da kike haɗiyewa ke nan shekara ashirin da huɗu? Zauna."

Ta ce ranar da za a sa sunan, uban yana kwance a asibiti, ya san ba tashi zai yi ba. "Na kai ki gabansa na ce, Yaya, kwantar da hankalinka, ka bar mini ita. Ya ce, ke ma mai mutuwa ce, ba ke zan bar wa ba. Ya ɗora hannu a kanki ya ce, na ba Allah ajiyarta, Wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Sannan ya faɗi sunan. Ni mai gadi ce kawai."

Wadi'a ta yi kuka har ya ishe ta, kukan kewar uban da ta daɗe tana jin haushinsa. Washegari da hantsi ta yafa mayafi, sai falon Umma. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta labarin tiryan-tiryan.

"Umma, ba rashin kunya ya kawo ni ba. An ce ba ni da inda za a kai ƙara. Ina da shi, kuma ba ya barci. Ina son ɗanki, ba zan ɓoye ba. Amma in sai na ajiye sunan nan a ƙofa zan shiga gidanki, na haƙura da auren."

Mai Tawada na tsaye bakin labule, ido ya yi ja. "Laifina ne, Umma. Na yaga katin tun jiya, kuma ba zan buga wani suna ba."

Umma ta ƙura wa Wadi'a ido. Can ta ce, "Maimaita abin da mahaifinki ya ce."

Ta maimaita. Umma ta kai gefen mayafi ido.

"Addu'ar da nake yi wa yaron nan ke nan kullum in zai fita. Tashi daga ƙasa, Wadi'a."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Goggo na ta sharar hawaye tana ja wa ango kunne, ana Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuri'a ta gari. Umma ta riƙo hannun amarya ta zaunar da ita kusa da ita, ta dubi Goggo.

"Ki daina kuka, ba abin da zai same ta a gidan nan. Ina tsoron Mai ajiyar."