Gyatsa A Gaban Suruka

Rafi'atu na zaune a bakin gado da kwalbar minaral, lemo mai gas, a hannu, mijinta Abdul-Latif na durƙushe a gabanta da tasa kwalbar. Ta kurɓa, ta danna iska da harshe kamar yadda aka koya mata, ta jira. Gyatsa ta fito, gajeriya mai kauri.

"Yawwa Rafi'a, wannan ta fi ta jiya," in ji shi. "Amma har yanzu ni ne campiyon. Saurara."

Ya saki tasa. Ta yi dariyarta marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Tun da likitoci suka cire mata maƙogwaro saboda ciwon daji, numfashinta ya koma ta wata 'yar kafa a gindin wuya, wadda take rufewa da ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashin hijabi. Muryar da ke tara mata masu sayen koko a mahaɗar Kawukudi ta tafi. Amma Madam Asana, malamar koyar da magana a asibiti, ta ce akwai hanya: mutum ya tura iska hanyar abinci, ya dawo da ita, leɓe da harshe su mai da ita kalma. Farkon karatun kuwa gyatsa ce.

Sai dai gidan haya a unguwar Nima ba ya riƙe sirri. Katako ne kawai tsakanin ɗakinsu da na mahaifiyarsa, Hajiya Damata.

"Latifu, fito."

Ya fita. Rafi'atu ta ajiye kwalbar, kunnenta na bango.

"Me nake ji kullum a ɗakin nan? Jiya 'yan haya suna wanki suna kwaikwayonta. Matar ɗana, tana gyatsa kamar ɗan dako ya ƙoshi da wake, ni ina bayan katako?"

"Mma, magani ne. Haka aka ce ta..."

"Wane magani? Na tsufa ban ji an yi magani da rashin kunya ba. Ciwon nan ya taɓa mata kai, kai ma kana biye mata. Ka bar motarka a tashar Tudu, kullum kana hanyar asibiti. Na kira yayanta Muftahu a Bawku. Bayan Sallah zai zo ya tafi da ita, ta huta a gidansu."

"Hutu zuwa yaushe, Mma?"

Hajiya ta juya ta koma ɗakinta. Rafi'atu kuwa ta san irin wannan hutun. Mace kan tafi da akwati ɗaya, sauran kayan su biyo ta a mota.

Ita da ko abinci ba ta taɓa ci a gaban surukarta ba, ashe abin da take jiyar da ita ke nan. Hawaye suka zubo, kukan ma babu sauti. Daga ranar ta ture kwalbar. Abdul-Latif ya yi lallashi, ya yi barkwanci, ya yi fushi. Ita dai sai ta nuna bango, ta girgiza kai.

Ranar komawa asibiti Madam Asana ta saurare ta, ta cire tabarau.

"Sista, mun koma baya. Wa ya tsorata ki?"

Abdul-Latif ya zayyana mata komai. Madam Asana ta ce, "A aikin nan ba majinyaci kaɗai muke koya wa ba. Kunnen mutanen gida ma sai ya yi karatu. Kawo mani Hajiya."

Da suka koma gida, Abdul-Latif ya durƙusa wa mahaifiyarsa ya ce, "Mma, ban ƙi maganarki ba. Amma kafin Muftahu ya zo, ki raka mu sau ɗaya. In kin ji da kunnenki, abin da kika yanke shi ke nan." Ta yafa mayafi tana mita, suka tafi.

A ɗakin Madam Asana suka tarar da wani dattijo da farin ƙyalle a wuya. Hajiya ta tsaya cak.

"Alhaji Fataw mai goro? Na Mamobi? An ce mani ka daina magana."

Dattijon ya motsa baki kamar mai haɗiya. Murya ta fito ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kalma uku sai ya tsaya.

"Damata. Har yanzu... bakinki... ba ya hutu?"

Hajiya ta dafe ƙirji. Madam Asana ta yi murmushi ta ce Alhaji kan zo ne ya ƙarfafa wa sababbi gwiwa.

"Da gyatsa... na fara," in ji shi. "A gaban 'ya'yana. A gaban... surukaina. Da sun yi mani... dariya, da yau... ban gaishe ki ba."

Hajiya ta zauna a hankali. Ta dubi Rafi'atu, wadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"To yi mu ji," in ji ta.

Rafi'atu ta ɗaga kwalbar minaral da Madam Asana ta miƙo mata. Ta kai baki, ta sauke. Ba za ta iya ba. Tarbiyyar da aka yi mata tun tana yarinya ta tsaya mata a wuya fiye da ciwon.

"Kunyarki take ji, Hajiya," in ji Madam Asana. "Wannan kuwa ba ni da maganinta."

Sai Hajiya Damata ta miƙa hannu ta karɓe kwalbar. Ta ce bismillah, ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasanta. Ta gyara zama, ta dubi surukarta ido cikin ido, ta saki gyatsar da sai da wata nas ta leƙo daga waje.

"Alhamdulillahi," in ji ta, tana goge baki da mayafi. "To ga tawa. Kunya ta ƙare tsakaninmu. Saura ke."

Abdul-Latif ya juya wajen bango yana danne dariya. Rafi'atu na dariya tana hawaye. Ta tura iska, ta dawo da ita, ta matse leɓe.

"Ba."

"Ta ce ba! Latifu, ka ji? Ƙara, 'yata, ƙara."

Abdul-Latif ya koma tashar Tudu da motarsa, Hajiya ta karɓi aikin taya surukarta koyon magana. Ba a ce ya zo mata da sauƙi ba. Madam Asana ta kafa mata doka: a kashe rediyo, a dubi bakin mai magana, kada a ƙarasa mata kalma. Ta ƙarshen ce ta fi ba ta wuya, don Hajiya ko liman ba ta bari ya kai aya. Wani lokaci sai ta cusa bakin mayafi a baki tana jira. 'Yan hayan da suka sake gwada kwaikwayo kuwa, sun ji abin da ya hana su sakewa.

Bayan Sallah Muftahu ya iso daga Bawku. Ya gaida Hajiya a tsakar gida, ya ce ya zo kamar yadda aka yi alkawari.

"Ni na kira ka, kuma na yi kuskure," in ji Hajiya. "Amma ba zan yanke mata ba. Ga ta nan, tambaye ta."

Muftahu ya dubi ƙanwarsa da tausayi. "Ki ɗaga mani kai kawai, Rafi'a, zan gane."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗauki iska a natse. Hajiya ta toshe bakinta da mayafi.

"Yaya... sannu da hanya. Ba ni... zuwa. Nan ne... gidana."

Muftahu ya zauna a ƙasa bai sani ba, yana ta salati. Rafi'atu ta juya ta durƙusa a gaban surukarta.

"Mma... na gode."

"Tashi, tashi," in ji Hajiya tana share ido. "Ki adana iskar, mijinki na nan tafe, shi ma yana da rabo."

Haka Allah ya mayar wa Rafi'atu da magana. Ba muryarta ta dā ba ce, kuma ba ta taɓa raina ta ba. Kunya ado ce, amma ranar da ta tsaya tsakanin majinyaci da lafiyarsa, babba ne ya kamata ya fara ajiye ta. Wanda ya yi haƙurin sauraro kuwa, shi ma ya yi jinya, kuma ladansa na wurin Allah.