Matata Ba Za Ta Fito a Wayar Baƙo Ba

"Ka sauka min daga tudu tun ina ganin mutuncin kawunta!"

Da wannan Tek Bahadur ya tarbe mu, ko takalmi ba mu cire ba. Tek mijin ƙanwata ne, marigayiya Tulasa. Ni ne kawun da ake ganin mutuncin nasa, sunana Harka. Yaron da ake kora kuwa Nirajan ne, mai ɗaukar hoton biki a wani shago a garin Tansen, wanda ya mace a kan Kopila, 'yar Tek ɗaya tilo.

"Haba Tek," na ce ina haki, "ko ɓarawo ne ya hawo tudun nan ai a ba shi shayi kafin a ɗaure shi."

"Kai za a ba shayi. Wannan mai cin shinkafar bikin mutane ya je inda ake kiɗa."

Kopila na tsaye a bakin madafi, ta sunkuyar da kai, gefen mayafinta a baki. Na san abin da ke ranta, don ta faɗa min. Tun rasuwar uwarta ita ke dafa wa uban, ita ke tatsar ɓaunar da suke kiwo, ita ke shafa masa mai a gwiwa. Ta ce wa Nirajan in har yau Baba ya sake cewa a'a, to ya daina jiranta, ba za ta fita gidan nan babu albarkarsa ba. Ga damina ta kusa kankama, in ta kankama kuwa pandit, malamin addininmu, ba ya yanka ranar aure sai bayan watanni.

Ni tsohon direban babbar mota ne, na san ba a tunkarar hawa da giyar gudu. Shi ya sa ban bar yaron ya zo hannu sake ba.

"Ba maganar aure ta kawo shi ba," na ce. "Saƙo ya kawo maka. Fito da shi, kai."

Nirajan ya zaro ɗan katin memori daga aljihu.

"Baba, ku yi haƙuri... a cikin tsofaffin kaset na maigidana na samo shi. Wani biki ne da aka yi a ƙauyen su Kawu tun da daɗewa. Inna Tulasa na ciki. Tana rawa."

Hoton Tulasa ɗaya ne a gidan nan, na katin ɗan ƙasa, fuska a murtuke kamar an ci ta tara.

"Ga shi a wayata ma, in kuna so yanzu..."

"Mayar da abarka aljihu!" Tek ya daka masa tsawa. "Matata ba za ta fito a wayar baƙo ba. A tawa zan gan ta. Kopila, karɓo. Kai kuma tsaya can gindin lemo, kar ka taɓa min waya."

Aka sa kati. Aka danna. Allon ya yi baƙi, ya rubuto wani abu da Turanci.

"Ya ce ba zai iya buɗe irin wannan bidiyon ba," in ji Kopila.

Daga gindin lemo Nirajan ya dafe kai. "Laifina ne, da injin shago na juye shi. Amma abu ne mai sauƙi, Baba. A sauke manhajar kallo, yanzu zai buɗe."

"To a sauke. Bas ɗin yamma na wucewa ta ƙasan tudu. In ta zo ban ga matata ba, ka bi bas ɗin, kar kuma ka sake hawowa."

Kopila ta danna wajen saukewa. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a allo. Ya juya, ya juya... har shayina ya huce yana juyawa.

"Wai ana jira," ta ce.

"Jiran wa?" in ji Tek. "Hakimi?"

"Sabis ne," Nirajan ya ɗago murya. "Kopila, ki gwada wuri mai tudu."

"Duk ƙasar nan akwai inda ba tudu ba?" na ce.

Sai ga 'yar ƙanwata a kan rufin garken ɓauna, ta miƙa waya sama kamar mai roƙon ruwa, uban na ƙasa riƙe da tsani yana ihu kar ta fasa masa kwano. Sabis ya cika taf. Zobe bai fasa juyawa ba.

Ta sauko. Nirajan ya ce a duba ko wayar ta cika. Kopila ta duba, ta saki baki.

"Baba! Duk hotunan ɓauna ne!"

"To na wa kike so in ɗauka? Na kawunki?"

Na leƙa. Ɓauna a tsaye, ɓauna a kwance, ɓauna tana tuƙa, ƙahon ɓauna, da wasu masu yawa waɗanda yatsan Tek ne kawai ya fito. Aka shiga ciniki.

"Wannan a goge?"

"A'a, ranar da ta warke daga ciwon kofato ce."

"Wannan fa? Gindinta ne fa, Baba!"

"Ki duba ƙibar!"

Dariya ta kuɓuce wa Nirajan, Tek ya harare shi, ya haɗiye ta har da tari. Da ƙyar aka samu ya yarda da goge na yatsa. Wuri ya samu. Aka sake dannawa. Wannan karon zoben ma bai tsaya juyi ba, wayar ta ce ba za ta iya saukewa ba, a sake gwadawa.

Aka kashe aka kunna. Aka cire kati aka hura aka mayar. Nirajan ya sa aka shiga can ciki aka share tarkacen kantin manhajar. Ni ma na ba da tawa gudummawar, na ce a ɗan buga ta a cinya, haka nake wa rediyon mota. Ba wanda ya kula ni.

Rana ta karkata. Tek ya zauna a dakali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kun gani ko?" ya ce, muryarsa ta sauka. "Ita ma Tulasa ba ta yarda ba. Da ta yarda da ta fito."

Wannan maganar ta fi tsawar ciwo. Kopila ta juya da sauri ta nufi bayan garke, wayar na hannunta. Nirajan ya saci jiki ya bi ta. Ni kuma fitsari ya matse ni a daidai lokacin, na je na tsaya inda kunne ke kaiwa.

"Kopi... hasken idona, kar ki yi kuka."

"Ka tafi kawai, Nirajan. Ka ji abin da ya ce."

"In tafi ina? Ko na sauka, zuciyata na nan kan tudun nan."

"Ba zan iya barinsa ba! Ka san yana tashi ya ɗora shayi kofi biyu har yau? Sai ya tuna, ya zuba wa ɓauna ɗaya..."

"Wa ya ce ki bar shi? Tansen ce fa, ga ta can ana hango rufinta. Duk Asabar muna nan. In ya ga dama in zo in riƙa kwashe masa kashin garke."

"Da wannan farar rigar taka?" Ta yi dariya cikin kuka.

"Zan cire."

Ta sunkuya tana share allon da mayafi, hawaye ya ɗiga a kai. Hoton ɗan maraƙi ne a buɗe. Sai na ga ta tsaya cak, ta kawo wayar kusa da ido.

"Nirajan... yaushe ɓaunar nan ta haihu?"

"Ke kika faɗa min, watan jiya."

"To me ya sa aka rubuta dubu biyu da talatin da bakwai a ƙasan hoton?"

Yaron ya zaro ido. Ta kwasa da gudu, ta kusa bangaje ni.

"Baba! Wa ya taɓa kwanan watan wayar nan?"

Tek ya gyara zama, har da ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki. "Ni. Da aka kawo ta, sai na ga tana bin shekarar Turawa. Mu a kalandar ƙasarmu muna dubu biyu da tamanin da ɗaya, ita tana can ashirin da huɗu tana barci. Na yi ta tura ta gaba, na yi ta turawa, ta zo talatin da bakwai ta cije. Raguwar waya! Na ce to zauna nan, ya fi babu."

Na riƙe ciki don dariya na zauna a ƙasa. Mutumin da waya a gunsa kira ce da tocila da hoton ɓauna, ina zai san ya yi ɓarna?

"Baba," in ji Nirajan, ya manta da gindin lemo ya matso, "shi ya sa! In kwanan watan ya saɓa da na can inda ake saukowa, ba sa yarda da juna. Sai an mayar da ita daidai."

"Daidai na wa? A gidana, a kan tuduna, waya ta bi kalandar wasu? Ba za a mayar ba!"

Daga can ƙasa muka jiyo ƙahon bas tana shan kwana.

Kopila ta durƙusa a gabansa, ta ɗora wayar a gwiwarsa kusa da hular.

"Ba zan taɓa ba sai ka ce. Wayarka ce, gidanka ne. Amma Baba... na fara manta yadda take dariya. Ina rufe ido in nemo, sai fuskar katin nan ta zo min. Ka bar ni in gan ta, ko da shi zai tafi."

Leɓen Tek ya motsa. Ya kalli rufi, ya kalli garke, ya kalle ni kamar ni na haifar masa wannan rana.

"Aro ne," ya ce a ƙarshe. "Na yau kaɗai."

Ta danna wajen da wayar ke saita kanta. Shekara ta koma. Ta danna saukewa. Zobe ya juya sau ɗaya, sai ga wani layi ya fara cika, yana tafe kamar motar da ta samu kwalta.

"Yana shiga! Baba, yana shiga!"

Bas ta tsaya a ƙasa, ta yi ƙaho. Ba wanda ya waiwaya.

Ganguna suka fara tashi daga 'yar wayar, da dogayen ƙahonin biki. Hoton na rawa, launi ya koɗe. Sai ga ta. Tulasa, budurwa, cikin jan zanen sari, hannu a sama, awarwaro na ƙyalli, tana juyi tana dariya har wushiryarta a waje.

"Inna..." Kopila ta toshe baki.

Tek ya ɗauki wayar daga gwiwarsa. Hannunsa ya hau karkarwa har hoton ya ƙara rawa.

"Kai," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "zo riƙe min."

Nirajan ya zauna a dakali, kafaɗa da kafaɗa da shi, ya riƙe.

Ni dai jira nake, don na san me ke tafe. Ni na aika yaron neman kaset ɗin nan, na kuma san me ke cikinsa bayan rawa. Mai ɗaukar hoton ya juya gefe, sai ga wani siririn saurayi da wando ɗangalalle, farantin ganye a hannu cike fal da shinkafa, ya saki baki yana kallon Tulasa, miya na zuba masa a ƙafa bai sani ba. Can sai ga tsohonmu, mahaifina, ya zo ta baya ya kama kunnensa ya ja shi waje.

"Wane ne wannan?" in ji Kopila. "Kai... Baba! Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"Shi ne," na ce. "Ba wanda ya gayyace shi ma. Daga ƙauyensu ya tako a ƙafa, ya ci shinkafar bikin mutane har sau biyu. Ki bari ki gani, yanzu zai dawo ta bayan katanga."

Ai kuwa sai ga kan nan ya leƙo ta saman katanga, kunne ja wur. Tulasa ta hango shi, ta ɓata rawa, ta rufe fuska tana dariya.

Tek ya fashe. Dariya yake, hawaye na bin gemunsa, yana dukan cinyar Nirajan a zaton tasa ce.

"Sau uku tsohon nan ya kore ni ranar! Sau uku! Da bai gaji ba..." Ya juya ya kalli yaron da ke gefensa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kalli 'yarsa.

"Duk Asabar ka ce?"

Nirajan ya daskare.

"Garken nan kwano ne, ba dutse ba. Ina jin komai. Da maganar kwashe kashi ma na ji."

"Na... na'am, Baba. Duk Asabar."

"Kopila, tashi. Kawo shinkafa da nono da jan gari."

Ta tashi, ta dawo da faranti. Tek ya kwaɓa da yatsunsa, ya ɗebo, ya manna wa Nirajan a goshi yadda ake sa albarka a wurinmu, babba har yana zubowa kan hanci. Ya manna wa Kopila. Yaron ya faɗi ya taɓa ƙafafunsa, ita kuma ta rungume wuyan uban tana kuka tana dariya.

"Ya isa, za ki karya ni," ya ce yana share ido da hula. "Harka, me kake zaune kana washe baki? Sauka gun pandit, ka ce ya nemo mana rana kafin ruwa ya sauko. Kai kuma surukina, mayar min da bidiyon nan farko. Daga inda ta ɗaga hannu."