Ranar da Kwamfutar Malam ta Koma Larabci

Ran Asabar ce Surayya ta shiga rumfar gyaran na'urori a kasuwar Konni, rungume da kwamfutar babanta cikin zane kamar jariri. Caja ce ta mutu. Saurayin da ke rumfar, Lurwanu ɗan garin Illela, ya ɗago kai zai tambaye ta abin da ya kawo ta, sai ya manta tambayar. Aikin da ba ya wuce shan ruwa, sai da ya ja shi har aka kira azahar, wai yana gwada waya. Ita ma ta gane babu abin da yake gwadawa, amma ba ta ce ya hanzarta ba.

Da ya ji malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Bazaga, nan take ya raɗa mata suna Maitiras, yadda ɗalibai ke kiran malama da Faransanci. Kafin ta isa gida Malbaza saƙonsa ya riga ta:

"Maitiras, in cajar ta ƙi aiki ki maido. In ta yi aiki ma ki maido."

Ta yi dariya ita kaɗai a bayan mota, ta rubuta: "Injiniya, haka kake yi wa kowa?"

"Yau na fara."

Damina ta zo ta wuce suna haka. Surayya ta san zuciyarta ta zauna, kuma ita ba mai sauya magana ba ce. Matsalar tana gida.

Malam Abdulhamid, babanta, Larabci ya karanta tun yana yaro, bai taɓa zama ajin lakwal ba. Da idanunsa suka yi rauni, ɗansa Sanusi ya aiko masa da kwamfuta daga Agadas cike da littattafan Larabci, don a ciki ana iya ƙara wa haruffa girma. Sai dai allon shigarta da Faransanci yake magana, haruffan dannawa ma na boko ne. Surayya kuma sai ƙarshen mako take zuwa. Mustafa, ɗan maƙwabta mai aiki a wani buro, wato ofis, shi ke zuwa kullum bayan la'asar ya buɗe wa Malam, ya zauna a sha shayi. Ya ce musu ƙofar kwamfuta ba ta sauya harshe, da wanda aka haife ta take mutuwa. Kowa ya yarda. Kowa kuma ya san ba don shayi kaɗai yake zuwa ba, Surayya yake so.

Da Surayya ta aika innarta Kande da maganar Lurwanu, Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai tilasta mata kowa ba, amma ba zai shimfiɗa wa mutanen Illela tabarma ba alhali bai san ɗansu ba, ga yaron da ya daɗe yana yi masa hidima a tsaye. Maganar ta yi wa Surayya zafi, ta yi kuka, ta share, ta zauna tunani.

Sai ga dama ta faɗo. Aka tura Mustafa kwas a Yamai, Malam ya rasa mai buɗe masa karatu. Surayya ta rubuta wa Lurwanu cewa kujerar Mustafa babu kowa: ya riƙa hawa babur kullum da la'asar yana buɗe wa Baba, har Baba ya saba da fuskarsa.

Amsar da ta zo ba ita take jira ba. "Hasken idona, wanga ba aikin kullum ba ne. Ana iya maida ƙofar Larabci, Baba shi buɗe abinshi da kainai."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta yi murna don babanta, ta kuma ji tsoro don kanta. Tsoron ne ya rinjaya. "Na ji. Amma ka dakata tukuna, sai ya san ka. In ka gyara yau, da mi za ka dawo gobe?"



Ran Asabar Lurwanu ya zo da fara kaftani da 'yar takarda mai ɗauke da haruffan Larabci na mannawa. Ya durƙusa ya gaida Malam a zaure, Surayya tana bayan ƙofa da butar shayi, ta buɗe musu kwamfutar ta koma. Ya tambayi tsohon yaushe ya fi son karatu. Malam ya ce bayan asuba, lokacin da kai ke sarari, amma wa zai ta da ɗan mutane da asuba? Ya faɗe ta yana murmushi, kamar abin da ya daɗe da haƙura da shi.

Surayya ta ga fuskar Lurwanu ta sauya, ta san shirinta ya rushe.

Ya shiga saituna ya ƙara Larabci. Ya bayyana wa Malam cewa sa harshe a ciki bai isa ba, sai an kwafa shi zuwa allon shiga, in ba haka ba mutum zai zaɓi kalmar sirri ta Larabci ya zo ƙofa ya tarar babu haruffan rubuta ta. Ya kwafa, ya kashe, ya kunna. Rubutu ya fito daga dama zuwa hagu. Malam ya matso da fuskarsa, ya karanta gaisuwar da ke allon da bakinsa, a hankali. Lurwanu ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana manna haruffa, sannan ya tura kwamfutar gaban tsohon.

"Baba, ku zaɓi kalmar da ku kaɗai kunka sani."

Ya juya baya yana kallon bango har Malam ya gama. Ya sha shayi kofi ɗaya, ya yi sallama, ya hau babur.

Saƙon Surayya ya same shi kafin ya fita Malbaza. "Ka kyauta wa Baba. Ni kuma ka kashe ni. In ba ka so na ne, da ka faɗa."

"Ina son ki har ban san iyakar abin ba. Amma ba ni iya kallon tsoho yana jiran mutum don shi karanta littafinai, ko da mutumin ni ne."

Ta koma Bazaga da fushi, ta yi mako tana yi wa yara tsawa kan abin da bai kai ba. Abin da ya fi cin ta shi ne ta san gaskiyarsa. Amma fushi daban, janyewa daban. Ranar Juma'a ta dawo gida, ta wuce innarta, ta durƙusa gaban babanta da kanta. Ta gaya masa komai, har da roƙon da ta yi wa Lurwanu ya jinkirta, da yadda ya ƙi. Ta ce in ba shi ba, za ta zauna ta jira, ko shekara nawa ne.

Ashe Mustafa ya dawo tun Laraba, kuma Malam ya tambaye shi ko ya san ana iya sauya harshen kwamfutar. Yaron bai yi ƙarya ba, ya ce ya sani, tsoron rasa hanyar shiga gidan ne ya hana shi. Malam bai zage shi ba, ya gode masa hidimarsa ya sa masa albarka.

"Ke ma kin so ki yi mani irin tashi," in ji Malam.

Surayya ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

"Mutum biyu masu ƙaunata sun zaɓi in zauna ina jira. Baƙo ya ƙi, ko da ya san zai rasa ki. Ki ce mashi shi turo manyanshi."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Lurwanu: "Injiniya na, Baba ya ce tabarma na jiran mutanen Illela."

"Maitiras, sake turowa. Idona ya cika da ruwa, ban gani da kyau ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Mutanen Illela suka cika mota biyu, malaman Bazaga suka zo da ɗalibai, Mustafa ma ya zo ya taya raba goro. Da aka shafa fatiha, Malam ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Ga ɗiyata nan, ɗana. Ka riƙe ta yadda za ta zauna da kai don tana so, ba don ba ta da hanyar fita ba. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin. A cikin gida Kande ta rangaɗa guɗa, Surayya kuma, ƙarƙashin mayafi, ta ce tata amin a hankali.