Zobe a Ɗakin Gwaji

Jinaidu na shan kunun safe a gidansu da ke Gawon Nama, sai mahaifiyarsa Inna Atika ta dire masa tasa a gaba. Zoben amaryarsa Zaituna ne a ciki, da awarwaronta.

"Duba, ɗana! Kullum za ta jami'a sai ta tuɓe su. Matar aure ta hita hannu tsirara, wa taka son ya ɗauka budurwa ce?"

Zaituna ta fito da jaka a kafaɗa, ta durƙusa. "Inna, mastas nike yi a fiziks, aikinmu da batura ne da wayoyin lantarki. Ƙarfe a hannu haɗari ne, doka ce ta ɗakin gwaji."

"Doka! Mu ma da tamu."

Jinaidu yana sonta, shi ne ma ya yi wa mahaifinta alkawarin ba zai tsayar da karatunta ba. Amma sai ya tuna ajin nasu kusan duk maza ne. Kunun ya fita ransa.

"Sanya zoben," ya ce, bai dube ta ba. "Ki rantse ba ki cirewa. In ko ba haka ba, karatun ya ƙare yau."

"Haba Yaya! Ni kake zargi?"

Ya miƙa mata zoben. Ta rantse, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.

Bayan azahar yana kasuwar shanu aka kira shi asibiti, an kwantar da Zaituna. Zoben ya haɗa bakin batir da ƙarfe, ya yi ja, ya cinye naman yatsar. Sai da aka yanke zoben.

Mariyatu, abokiyar karatunta, ta tare shi a ƙofa. "Kai ne mijin? Na roƙe ta ta cire, wallahi ba mai gani. Ta ce ai Allah na gani, ta rantse maka."

Jinaidu ya durƙushe gefen gado. Inna ta riƙe ɗaya hannun Zaituna tana kuka. "Yahe mini, ɗiyata."

"Na yafe, Inna. Ku dai bar ni in ƙarasa."

Ta ƙarasa kuwa, har tana koyarwa yanzu, kuma Jinaidu ne ke kai ta a babur. Yatsar dai ba ta sake lanƙwasuwa ba. Haƙuri ya ba Zaituna karatunta da mijinta, amma abin da zargi ya ɓata ba duka yake gyaruwa ba. Yara, ku tambaya, ku saurara, kafin ku sa masoyi rantsuwa.