Raunin da Bai Ci Jarrabawa Ba

Auduga kawai ta kai ta kantin maganin. Saboda sauri ta manta da abin da ke hannunta, wato wani tsagaggen rauni mai tsawon ɗan yatsa, jini na tsattsafowa a gefensa. Ita ta haɗa abinta da safe da danƙo da launi, don sana'arta ke nan. Ita ke yi wa 'yan fim ɗin ban tsoro raunuka da ƙuna da fuskar gawa, kuma ba ta ɗora wa kowa abin da ba ta fara gwadawa a jikinta ba.

Tana miƙa hannu za ta karɓi audugar, sai ta ji an danne mata wurin da hankici.

"Ɗaga hannun sama. Yaushe kika yanke? Da me?"

Wani dogon saurayi ne cikin kayan ma'aikatan jinya.

"Malam, sakar min hannu."

"Ki zage ni daga baya. Ɗaga tukuna."

Ta sa farce ta ɓamɓare raunin gaba ɗaya, ta ɗora masa a tafin hannu. Mai kantin ya yi dariya har da riƙe ciki. Duk mai kunya a nan zai ba da haƙuri ya kama gabansa, amma wannan bawan Allah sai ya ɗaga abin ya duba a haske.

"Ba laifi," ya ce. "Sai dai yankan wuƙa ba ya yin baƙi haka a ranar farko. Shida bisa goma."

Ranta ya yi mugun ɓaci. Shekara biyar tana wannan aiki, yau wanda ya ruɗe har ya ɓata hankicinsa ne zai ba ta maki? Da ya ce ta karɓi lambarsa ta riƙa turo masa yana gyara mata, ta karɓa, don kawai ta kunyata shi. Haka dai ta gaya wa kanta.

Bayan kwana biyu ta tura masa hoton ƙunar ruwan zafi. Amsa ta zo nan take:

"Bakwai. Bororon ya yi kyau, amma ki ƙara ja a gefe. Kin ci abinci kuwa, 'Yar damfara?"

Ta rubuta masa: "Ina ruwanka da cikina, Alƙali? Tsaya ga aikinka."

Sunayen suka zauna. Kafin wata uku makin ya kai tara, hira kuma ta bar kan rauni ta koma inda hirar saurayi da budurwa ke komawa. Yakan zo ƙofar gidansu da la'asar, su zauna a kan benci, kuma kusan kullum sai sun yi faɗa a kan fim.

"Ƙarya kuke sayar wa mutane," in ji shi. "A harbi mutum sau uku, ya tashi ya tsallake katanga. A soke shi, ya zare wuƙar ya yar. Na ga wanda ya zare da gaske don ya gani a fim, da ƙyar muka ceto shi. Kuma mai kallon jini kullum, idonsa bushewa yake yi."

"Kai kuma ba ka ganin alherin kowa," ta ce. "Mata nawa suka daina shiga motar da ba su sani ba saboda fim ɗin masu satar mutane? Mutum ya zauna a ɗakinsa ya ji tsoro, ya yi ihu, ya tashi lafiya lau, zuciyarsa ta yi sauƙi. Wannan ba magani ba ne?"

"To me ya sa kullum yarinyar sai ta shiga ɗakin da ta ji kuka a ciki?"

"In ba ta shiga ba, ni me zan ci?"

Abu ɗaya suka yarda da shi tare, shi ne rashin adalcin da ake yi wa masu tabo. Duk mugun da ke fim sai an ce ta yi masa tabo a fuska, kamar masu santsin fata ba sa cuta. Wannan ya daɗe yana ci mata rai, kuma shi ne mutum na farko da ya taya ta jin haushin.

Ranar da ya ce zai turo manyansa, ta kasa haɗa ido da shi. Sai ga shi matsalar daga gidan su Alƙali ta ɓullo. Mahaifiyarsa ta ce atafau ba ta yarda ba. Matar da ke kwana tana tashi da jini da fuskar gawa, a cewarta, zuciyarta ta riga ta ƙeƙashe, ba za ta iya tausayin miji ba balle 'ya'ya. Ko ganinta ba ta taɓa yi ba ta yanke wannan hukunci.

"Ki ba ni lokaci, hasken idona," ya rubuto mata. "Mama tana da zafi, amma tana da adalci. Ba zan auri kowa ba sai ke."

"Ina jira, Alƙalina," ta amsa. "Amma ka sani jiran da zafi."

Daraktan fim ɗin da take yi wa aiki ya ji labari, sai ya ga banza ta faɗi. Da ma ya daɗe yana zagaye. Kullum sai ya tuna mata cewa shi ne ya san darajar hannunta, kuma a gidansu babu mai ƙyamar sana'arta. Ba ta sonsa ko kaɗan, amma maganar tana sukarta, don akwai gaskiya a ciki.

Wata Laraba da hantsi ana ɗaukar wurin da ɓarawo zai fasa taga. Gilashin wasa ya ƙare, daraktan kuma ya ƙi jira, ya sa aka kafa na gaske bai gaya wa kowa ba. Tana tsugune a ƙasan tagar tana gyara wa jarumar fuska aka fasa. Wani yanki ya sauko ya tsaga mata hannun dama daga gwiwa zuwa kusa da wuyan hannu.

Ta miƙe jini na zuba, sai mai riƙe da fitila ya tafa mata. Wata ta ce aikin yau ya fi na kullum. Daraktan, wanda shi kaɗai ya san gaskiya, ya ce da mai kyamara kada ya kashe.

Ta zauna a ƙasa, jiri na ɗibarta. Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai. Da hannun hagu ta ɗauki hoton, ta tura masa, ko kalma ɗaya ba ta iya rubutawa ba. Minti biyu sai ga amsa:

"Haba 'Yar damfarata, yau kin koma baya. Jinin ya yi yawa, launin ya cika haske, ba mai yarda da wannan. Huɗu bisa goma."

Gilashin bai sa ta kuka ba, wannan saƙon ne ya sa ta.

Sai da ta kife sannan aka gane, aka kwashe ta a motar daraktan zuwa asibiti. Ana shirin ɗinki ta ji hayaniya a ƙofa. Wata dattijuwa ce ta shigo da takalmi ƙafa daban-daban, tana janye da Alƙalin kamar an kamo ɓarawon akuya. Ashe ranar hutunsa ce, yana zaune kusa da mahaifiyarsa lokacin da hoton ya shigo, ta leƙa ta gani. Ita ta sa shi ya kira wayar, wanda ya ɗauka ya gaya musu asibitin da aka kai ta.

"Ni ban taɓa kallon fim ba," dattijuwar ke gaya wa duk wanda ke ɗakin, "amma na haifi biyar. Na ce da shi, kai, dubi yatsun yarinyar nan yadda suka ƙanƙame. Mai wasa ba ya damƙe hannu haka. Shi yana can yana auna launi, wai shi ma'aikacin asibiti."

Ya matso zai karɓi allurar daga hannun abokiyar aikinsa. Yarinyar ta janye hannunta.

"Kar ka taɓa ni."

Ya ja da baya ya jingina da bango. Mahaifiyarsa ce ta zauna ta riƙe mata hannun hagu har aka gama ɗinki goma sha huɗu, tana shafa mata kai tana cewa, "Sannu 'yata, saura kaɗan."

Daraktan ya shigo da fara'arsa yana nuna waya. Wai su kalli yadda abin ya fito, da shi zai buɗe tallan fim ɗin, zai kuma sa sunanta da manyan baƙi. Wannan rashin ta-ido ya wuce misali. Ta sa shi ya goge a gabanta, ta ce ya nemi wata mai kwalliyar. Dattijuwar ta raka shi har bakin ƙofa da maganganun da ba za su rubutu ba.

Kwana goma Alƙali yana turo saƙo, ba ta amsa ko ɗaya ba. Na ƙarshen gajere ne:

"Ba ni da hujja, sahibata. Gobe ne cire zare. In kin yarda zan zo da Mama. In ba ki yarda ba, zan turo wata ma'aikaciya ta cire miki."

Ta rubuta: "Mama ta zo. Kai kuma ka rako ta."

A falonsu, gaban mahaifinta, ta faɗa masa abin da ta kwana goma tana tanadi.

"Kai da daraktan nan abu ɗaya kuka yi min. Shi ya ga jinina ya ga fim, kai ka ga jinina ka ga jarrabawa. Shi ban damu ba, don ban taɓa sa ran komai a wurinsa ba. Kai kuwa, kai na kira."

Mutumin da bai taɓa barin gardama ta wuce shi ba ya sunkuyar da kai.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Na daɗe ina zargin finafinanku da busar wa mutane ido, ashe nawa ne ya bushe ban sani ba. Ki yafe min. In kin ce na tafi, zan tafi, amma ban san inda zan nufa ba."

Ta miƙa masa hannun. Ya ɗauki almakashi, ya fara aikin a hankali kamar sabon shiga, shi da ya cire wa ɗaruruwan mutane zare. Kowane ɗaya ya cire sai ya tsaya ya tambaye ta ko da zafi. A na tara ta ce in ya ƙara tambaya za ta fasa auren. Mahaifinta ya yi gyaran murya yana ɓoye dariya.

Dattijuwar ta juya ga mahaifin yarinyar ta ce ita ce ta hana, yau kuma ita ce ta zo roƙo. Ta ce ta yi wa yarinya shaidar busasshiyar zuciya ba tare da ta san ta ba, alhali mai buƙatar gyaran a ɗakinta yake. Sana'a kuma, yarinyar ta ci gaba da abinta, Allah ya haɗa ta da masu mutunci.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da jama'a suka watse, dattijuwar ta zaunar da su a gabanta, ta haɗa hannuwansu a cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai tausayi," ta ce. "Allah ya sa kowannenku ya riƙa gane ciwon ɗan'uwansa tun kafin a nuna masa."

Amarya ta ce amin a hankali. Ango kuwa sai da ya share ido sannan muryarsa ta fito.