Launin da Ba Ta Zaɓa Ba

Shekara talatin tsoho yana gadin ginin nan. Ko bihim bai sani ba a boko, amma ɓarayi uku sun ɗanɗana hannunsa, gobara ma ta bar shi tsaye.

Kwana uku wata yarinya mai rubuta manhajar kwamfuta a ginin tana fama da launukan allon kwamfutar da ma'aikata suke rubutu a kai. Duk canji sai ta kashe ta kunna. Da safe shugabanta zai duba, in bai gamsu ba ta tattara komatsanta. Sai ta rubuta wata 'yar dabara: tana taɓa launi, allo ya nuna nan take.

Ƙarfe biyun dare tsoho ya ja ƙafa ya hau bene don ya kora ta gida. Ya tarar ta yi barci, hannuwanta ƙarƙashin kumatu. Amma maɓallai na nutsewa su kaɗai, allo na juyawa: shuɗi, kore, ruwan toka.

"'Yata, tashi. Aiki ba ya gudu."

"Bar ta, Baba, ta gaji," in ji wata murya da babu numfashi a cikinta. "Kai wanne ya fi maka?"

Allon ya koma baƙi wuluk. A cikin gilashinsa tsoho ya ƙirga fuska uku.